Ranar da Motar Kowa Ta Yi Shiru

A Dutsen Kura ba ma buƙatar a gaya mana ranar da Baba Maiwada zai yi tafiya. Da an fito daga sallar asuba sai ka ji tsohuwar jif ɗinsa ta yi tari, ta yi atishawa, sannan ta ɗauki wani gurnani da ke tarwatsa kajin unguwa. Salansarta a fashe take tun zamanin da ba wanda ya tuna. Kariyar ƙarfe ta ɗora kaya da ke samanta kuwa, duk ramin da taya ta faɗa sai ta amsa, ƙwaram-ƙwaram, kamar an zubar da kwanuka a tsakar gida. Mu maƙwabta mun yi ƙorafi har mun gaji, daga baya muka saba, har idan wata ya wuce ba mu ji ta ba sai mu tambaya ko lafiya.

Maiwada jikan waɗanda aikin reluwe ya kawo Minna ne, amma shi bai bi jirgi ba, sitiyari ya kama. Rabin rayuwarsa ya yi shi yana tuƙa wani malamin gona mai suna Ndako, Banufe ɗan Bida, cikin wannan jif ɗin, suna zaga ƙauyukan Gwari da takin zamani da irin shuka. Ndako mutum ne mai doka guda ɗaya, kuma ba ya sassauta ta: ba a wuce wanda ya ɗaga hannu. Ko mace ce da tulin doya a kafaɗa, ko Bafulatani da ɗan maraƙi, ko mai ciki, sai an tsaya. Idan ciki ya cika a hau kariya. Maiwada yakan yi ta gunaguni yana cewa wannan motar gwamnati ce ba ta haya ba, Ndako ya ce, “Direba, gwamnatin ai su ne. Taka birki.” Haka mutanen ƙasar Kuta suka laƙaba mata suna Motar Kowa, kuma tun kafin ta bayyana sukan jiyo ta su fito bakin hanya.

Da suka yi ritaya aka sa motar a gwanjo, ba wanda ya taya sai Maiwada. Shi kuma Ndako bai koma Bida ba, ya tare da matarsa Mariyamu a Tungar Ɗorawa, wani ƙauye a bayan Kuta inda ya sami gona, wanda da damina ba motar da ke shiga sai irin ta Maiwada.

Bayan haka ne Saudatu, matar Maiwada, ta rasu. ’Ya’yan duk sun yi nisa, wannan Legas, waccan Sakkwato, sai saƙon gaisuwa da sallah. Gidan ya yi masa girma. Mukan gan shi da yamma a kan tabarma a ƙofar gida da kwanon abincin da ya sayo, yana ci yana kallon motar, wani lokaci har bakinsa na motsi. Ba mutum ne mai shiga majalisa ba. Mun ja shi mun ja shi, sai ya zauna kaɗan ya ce bari ya duba wani abu a gida, kuma mun san babu komai a gidan. Abu ɗaya ya rage masa da yake ɗoki, wato tafiyar da yake yi Tungar Ɗorawa duk wata, ya kwana biyu wajen Ndako suna musun abubuwan da suka faru tun muna yara. Idan ya dawo sai ka ga har tafiyarsa ta canza.

Sai daminar 1994 ta zo da wahalar mai. Wanda bai ga wannan shekarar ba ba zai gane ba. Layin gidan mai yakan miƙe har ya sha kwana, mutane suna tura motocinsu kamar masu tura amalanke, ’yan bumburutu kuma sun zama manyan gari. Jif ɗin Maiwada ta zauna, ciyawa ta fara fitowa a ƙarƙashinta. Wata ya wuce, wani ya bi shi, bai je ko’ina ba.

Ran nan Ladan, wani maƙwabcinmu mai fataucin doya, ya dawo daga kasuwar Kuta ya wuce kai tsaye ƙofar gidan Maiwada.

“Baba, saƙo na kawo maka daga Malam Ndako,” in ji Ladan. “Idon nan nasa ya ƙi. Yanzu ko fuskar mutum ba ya rabewa. Ɗansa na Maiduguri zai zo ya ɗauke shi ranar Asabar mai zuwa, su tsaya asibiti a Kaduna, daga nan su wuce. Ya ce a gaya maka ba ya jin zai dawo.”

“Ta nan za su bi?”

“A’a, ta Gwada za su yanke su bi Sarkin Pawa. Minna ba ta kan hanyarsu.”

Maiwada ya ce, “In ka koma ka ce masa ina nan zuwa ranar Asabar ɗin da safe, in Allah ya yarda. Ka ce kada ya tafi ban zo ba.”

Muka taya shi tura motar zuwa layi. Bayan wahalar da ba na son tunawa, aka tsiyaya masa abin da bai kai rabin tanki ba. Gejin man motar ya daɗe da mutuwa, da sanda yake awo. Ya zura sandar ya zaro, ya daɗe yana kallon inda mai ya jiƙa. Ya san motarsa. Wannan man zai kai shi, amma a kan hanyar dawowa zai bar shi a daji.

Nan ya nufi garejin Julius, bakaniken da ke bayan kasuwarmu. Julius ya buɗe gaban motar, ya leƙa, ya kama baki.

“Baba, wannan mota ba shan mai yake yi ba, wanka yake yi da shi.”

“Ban zo ka zage ta ba,” in ji Maiwada. “So nake ta kai ni bayan Kuta ta dawo da ni da abin da ke cikinta.”

Julius ya kwance kafireto ya wanke shi tas, ya rage masa baki. Ya goge fulogai, ya fitar da matacin iska wanda ya toshe da jar ƙasa har ya yi nauyi. Ya gano wata tiyo da ke ɗigar da mai a hankali, ya canza ta. Salansar nan da ta raine mu da ƙara, ya kai ta wajen mai walda aka like. Ya ƙara wa tayoyi iska, ya saki makullan ƙafafun gaba, ya ce a kan kwalta ƙafa biyu sun isa su ja mota, sai an shiga daji a ɗaure sauran. Sannan ya ja da baya ya dubi kariyar.

“Wannan keji fa? Iska yake tarewa, ga nauyi. A sauke shi.”

“Kariyar?”

“Da benci na baya, da wannan ƙarafa da kake tarawa. Duk abin da mota ya ɗauka, mai ne yake biya. Kuma Baba, na san halinka. Ka tsaya ka tashi, ka tsaya ka tashi, ka ɗauki wannan ka sauke wancan. Nan ne mai yake tafiya. In kana so ka dawo gida, kar ka tsaya wa kowa. Ƙafa ɗaya a totur, a hankali, har ka kai.”

Aka sauke kariyar, aka cire bencunan baya guda biyu da rabin ƙasar Kuta ta taɓa zama a kansu, aka jingine su a zauren gidan Maiwada. Kujerar gaba kaɗai Maiwada ya hana a taɓa, ya ce nan Malam yake zama. Da Julius ya tayar da injin, wallahi sai da muka dubi juna. Motar ta yi wani lallausan sauti kamar keken ɗinki. Julius yana ta washe baki yana jiran yabo. Maiwada ya ce madalla, amma ya faɗe ta kamar wanda aka nuna wa ɗansa bayan an yi masa aski bai gane shi ba.

Ranar Asabar ba wanda ya ji fitarsa. Ni kaina sai da na ga gurbin motar babu kowa na san ya tafi. Abin da ya faru a hanya, shi ya ba ni labari da bakinsa daga baya.

Tun daga fita gari ya fara ganinsu. Da yake motoci sun yi ƙaranci, duk gindin bishiya akwai mutane da kayansu, kuma duk wanda ya hango shi sai ya ɗaga hannu. Na farko wata tsohuwa ce da buhu. Ƙafarsa da kanta ta tafi kan birki, sai da ya janye ta da ƙarfi. Ya wuce ta, ya ga fuskarta, kuma fuskar ta bi shi har Gwada. Daga nan ya gane cewa in dai zai riƙa kallon fuskoki to sai ya tsaya. Sai ya kafe idonsa a tsakiyar kwalta, ya mai da mutanen bakin hanya kamar kututture. Yana tafe yana cewa a ransa, Malam, ka yafe ni, don in gan ka nake yi. Bai taɓa yin tafiyar nan shi kaɗai ba. Motar ba ƙara, bayanta wayam, ba mai ce masa sannu da tuƙi, ba kukan akuya, ba mai roƙon a tsaya ya yi fitsari. Ya ce kaɗaicin da ya ji a cikin motar nan ya fi na gida.

Akwai wata dabara ta tsofaffin direbobi da Julius bai koya masa ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya yi ta ba. Duk gangarar da ya samu sai ya sa motar a firi, ya kashe inji, ya bar ta ta sulala da nauyinta. Bayan Kuta akwai wata doguwar gangara, a ƙarshenta ne hanyar Tungar Ɗorawa ta balle ta hannun hagu, daidai wani babban mangwaro inda ake jiran mota. Maiwada ya kashe inji tun daga saman tudu. Motar ta taho shiru, ba abin da ake ji sai shuuu na tayoyi. Ya hango taro a gindin mangwaron, hannuwa sun tashi sama, ya kawar da kai. Da sauran gudun nan ya karya kwana ya faɗa hanyar daji, sai da ya yi nisa ya ɓace wa masu kallo sannan ya saki kuloci injin ya kama. Can gaba ya tsaya ya ɗaure ƙafafun gaba, ya zura sandarsa a tanki. Abin da ya gani ya faranta masa rai, har ya daki motar a kafaɗa ya ce, “Ashe kina da kunya.”

Hanyar ta lalace fiye da yadda ya sani. Ruwa ya cinye ta, wani wuri taɓo, wani wuri dutse tsirara. A wani rafi motar ta kafe, ya fito shi kaɗai yana sara rassa yana cusawa ƙarƙashin taya. A da, da mutum goma sun diro daga baya sun tura suna waƙa. Rana ta take sosai kafin ya shiga Tungar Ɗorawa.

Ba wanda ya fito tarbarsa, don ba wanda ya ji zuwansa. Ya tsaya a ƙofar gidan Ndako ya yi sallama. Mariyamu ta fito da ludayi a hannu, ta gan shi, ta leƙa bayansa, ta dubi kujerar gaba.

“Baba Maiwada! Ina Malam ɗin?”

“Wane Malam? Ai wajensa na zo.”

Ludayin ya sauka a hankali. “Ba ku haɗu a mangwaro ba?”

“Wane mangwaro?”

“Na bakin titi mana. Tun da asuba ya sa maƙwabcinmu ya ɗauke shi a keke. Ya ce mai ya yi wuya, ba zai bari ka ƙona naka a wannan muguwar hanya ba. Ya ce zai jira ka a can ku yi hirarku a inuwa, tun da yaron ma a nan zai ɗauke shi, motarsa ba ta iya shigowa. Ni sai an cire doya zan bi su.” Ta dube shi da kyau. “Na ce masa, Malam, kai da ba ka gani, yaya za ka gane shi? Ya yi mini dariya. Ya ce ko a kabari yake zai gane kukan motar nan.”

Maiwada bai sha ruwan da ta kawo ba. Ya juya motar.

A komawar nan ya manta da Julius da duk karatunsa. Ya taka totur har ƙasa, ya sa giyar da ta fi kowace cin mai, motar tana tsalle tana watsa taɓo. Rafin da ya kafe ɗazu ya keta shi da gudu. Duk da haka sai da la’asar ta kawo jiki kafin ya hango mangwaron.

Taron ya ragu. Saura wasu maza biyu da buhunan gawayi, da wata Bagwariya mai gasa doya, Alisabatu sunanta, tana kwashe kayanta. A jikin bishiyar akwai wani dutse mai faɗi, an share gabansa, ga ɓawon gyaɗa a zube.

“Sannu da aiki,” in ji Maiwada. “Wani dattijo fa, mai farar hula, ba ya gani sosai?”

“Baba na Tunga? Ya tafi. Yaronsa ya zo da azahar da ƙaramin mota.” Ta nuna dutsen da wuƙarta. “Nan ya zauna tun safe. Yaron ya ce su tafi, ya ce a jira. Ya ce su tafi, ya ce a ƙara jira. Har yaron ya yi fushi, ya ce dare zai kama su a hanya, kuma shi ma mai nasa kaɗan ne.”

“Bai ga... bai ji wucewata ba? Da hantsi na shiga nan.”

Alisabatu ta dubi motar daga sama har ƙasa. “Kai ne ka wuce da safe? Wanda ba ƙara?”

“Ni ne.”

“Ayya.” Ta ajiye wuƙar. “Duk mota da ya taho, Baba zai juya kunne haka, ya ce ba ita ba ce. Da naka ya wuce, mutane suka yi ta ihu suna ɗaga hannu, ya tambaye ni mene ne. Na ce wani jif ne, ba kaya a sama, ba kowa a ciki, ya shiga hanyar Tunga. Na ce ko shi ne abokinka?”

“Me ya ce?”

“Ya ce a’a. Ya ce tamu tana da baki. Ya ce kuma ko bakinta ya mutu, tamu ba ta wuce mutum.”

Maiwada ya zauna a kan dutsen. Ya ce mini bai san tsawon zaman da ya yi ba. Alisabatu ta ɗauko wani ƙullin leda daga ƙarƙashin tirenta ta miƙa masa, ta ce Baba ya bari a ba mai motar idan ya zo. Gyaɗa ce dafaffiya, irin wadda suke ci a hanya tun suna aiki. An ci rabi, an bar masa rabi.

Masu gawayin nan ne suka matso suka tambaya ko Minna za shi. Ya ce su hau. Suka leƙa baya suka ga babu benci, suka zauna a kan buhunansu. Daga nan har gida bai wuce hannu ko ɗaya ba, ya tsaya ya tashi, ya tsaya ya tashi, har motar ta cika ta batse. Wani ya nemi ya zauna a gaba, Maiwada ya ce a’a, da mai wurin. Abin haushin, man bai ƙare ba. Aikin Julius ya yi kyau fiye da yadda kowa ya zata. Da ya iso Dutsen Kura ya zura sandarsa, sai ga mai ya jiƙa ta da ɗan dama, wanda da ya tsaya wa duk mutanen da ya wuce da safe, da ya ishe shi.

Ba su sake haɗuwa da Ndako ba. Kafin wata daminar saƙon rasuwarsa ya zo daga Maiduguri, Ladan ne ma ya kawo shi.

Amma abin da na fi tunawa shi ne washegarin tafiyar. Na fito da safe na tarar da Maiwada a zaure yana kokawa da kariyar nan shi kaɗai, yana jan ta a ƙasa, numfashinsa na fita da ƙyar. Na kira Ladan da wasu mutum biyu muka ɗaga ta muka ɗora a kan motar. Muka mayar da bencunan. Ladan ya karɓi sifana ya hau sama ya fara ɗaure notuna, yana ɗaurewa da ƙarfinsa na mai ɗaukar doya.

Maiwada ya ɗaga kai daga ƙasa ya ce, “Kai, Ladan, sassauta.”

“Baba, in ban ɗaure ba ai ƙara za ta yi ta yi.”

“Na sani,” in ji shi. “Bar ta ta yi.”